Ranar Rabon Kujeru: Giɓin da Adabinmu na Siyasa Ya Tsallake

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen da zai fitar da waɗanda Turawa za su danƙa wa ragamar mulkin Nijeriya. Kujeru 312 ne a Majalisar Wakilai ta Ikko. Da aka gama ƙirga, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta tashi da 134. NCNC ta Dokta Azikiwe tare da ƙawarta NEPU suka sami 89, takwas daga ciki na NEPU ne. Action Group ta Cif Awolowo da ƙawayenta suka sami 73, sauran 16 suka tafi ga 'yan takara masu zaman kansu da ƙananan jam'iyyu. Yawancin waɗannan sun koma NPC daga baya, amma duk da haka ba ta kai 157 ɗin da ake bukata ba. A tsarin mulki irin na Ingila da aka ɗora mu a kai, firayim minista ba ya zama sai da rinjayen majalisa, kuma ranar da rinjayen ya kuɓuce masa, ranar ya sauka. Ke nan tilas a nemi abokin tafiya, ko ana sonsa ko ba a sonsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance a shafin adabi shi ne, mun lura rubutunmu na siyasa ya san ranar yaƙin neman zaɓe, ya san ranar nasara, ya san ranar shiga kurkuku, amma da wuya ya leƙa ɗakin da abokan gaba suke zama su raba kujeru. A ganinmu kuwa wannan ɗaki ya fi dandalin lacca labari, domin a nan ne mutum yake haɗiye maganar da ya faɗa jiya a gaban jama'a.

Bari mu ɗan tsaya a kan abin da ya faru, saboda matasan marubuta da ba su riski zamanin ba. Idan aka haɗa 89 da 73 za a sami 162. Wato jam'iyyun Kudu biyu da ƙawayensu na Arewa suna iya kafa gwamnati su bar NPC a waje, kuma Awolowo ya nuna a shirye yake ya yi aiki a ƙarƙashin Azikiwe. Amma tsakanin mutanen nan biyu akwai tsohon miki tun rikicin majalisar Jihar Yamma na farkon shekarun 1950, ga kuma tsoron abin da Arewa za ta yi idan aka karɓi 'yanci babu ita a cikin gwamnati, alhali kujeru 174 daga cikin 312 nata ne. Gwamna Janar Sir James Robertson ya kira Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, NCNC ta shiga. NPC ta ɗauki ministoci goma, NCNC bakwai, cikinsu har da ma'aikatar kuɗi da ta zauna a hannun Cif Festus Okotie-Eboh. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, sannan Gwamna Janar a Nuwamba 1960. Awolowo ya zama madugun adawa. Sardauna kuwa ya ci gaba da zamansa a Kaduna yana Firimiya, jam'iyyar tana hannunsa, gwamnatin tarayya tana hannun mataimakinsa.

To, ina NEPU a cikin wannan rabo? Nan ƙullin yake. Tun kafuwarta a Kano a Agusta 1950 ba ta da abokiyar gaba sai NPC da En'e. 'Ya'yanta sun sha bulala, sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, an hana su izinin lacca, wasu sun bar garuruwansu. Ta ƙulla ƙawance da NCNC ne don ta sami jingina a kan NPC. Kwatsam sai ga jinginar ta shige ɗaki ɗaya da NPC, ta ja NEPU ciki. Malam Aminu Kano, wanda ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, wato mutumin da aikinsa shi ne ya tabbatar 'yan majalisa sun jefa ƙuri'a yadda gwamnatin Ɓalewa take so. A Ikko ana benci ɗaya, a gida kuwa babu abin da ya sake. Gwamnatin Jihar Arewa ta NPC ce ita kaɗai, 'yan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne. Da aka zo zaɓen majalisar Kaduna a 1961, kujera ɗaya tak NEPU ta tsira da ita.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya tsaya wa kowane marubuci a rai. Firayim ministan nan shi ne mawallafin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Mataimakin mai tsawatarwar nan ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi da kuma lokacin da yake malamin makaranta, kuma shi ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su biyun sun koyar a Midil ta Bauchi, sun zauna zauren muhawara ɗaya a garin a shekarun 1940 tare da Malam Sa'adu Zungur. Sun san juna ciki da bai, sun rabu a kan aƙida, ƙirgen kujeru ya sake haɗa su. Da wani ne ya ƙaga wannan a littafi, da manazarta sun ce ya cika son haɗa zare.

Mu fara duba waƙa, tunda ita ce babbar yaya a adabinmu na siyasa. Sa'adu Zungur ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Malam Mu'azu Haɗeja, ɗan ƙasar nan tamu, ya yi nasa gumurzun da Mudi Sipikin. Gambo Hawaja da ire-irensa suka riƙe wa NEPU tuta, NPC ma tana da nata zaratan. Haruna Abdullahi Birniwa ya bi diddigin waƙoƙin ɓangarorin biyu, daga NPC da NEPU har zuwa NPN da PRP, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sakkwato a 1987, kuma duk mai son ya yi magana a wannan fage ya kamata ya fara da shi. Abin da mai nazari zai tarar shi ne waƙar jam'iyya tana tafiya a kan ƙafa biyu, yabo da zambo. Namu haske ne, nasu duhu. Namu 'yan halak, nasu 'yan iska ko azzalumai, gwargwadon wanda ke riƙe da alƙalami. Amshi ma an gina shi ne don taro ya ɗauka baki ɗaya, kuma taro ba ya amsa baitin da ke cewa muna tare da su a Ikko amma muna gaba da su a Kano.

Ba mu ce wannan aibi ne ga mawaƙan ba. Waƙar da aka yi don ta tsayar da zuciyar mutumin da za a ɗaure gobe ba ta da sararin kawo uzurin mai ɗaurin. Ta yi aikinta, kuma wasu daga cikinta sun yi shi da fasahar da har yau ba a kamo ba. Abin da muke cewa shi ne zubinta ba ya ɗaukar gamin gambiza. Mutum ɗaya da muke jin zai iya lanƙwasa waƙa ta ɗauki wannan nauyi shi ne Sa'adu Zungur, domin ya zauna da Azikiwe, ya riƙe sakataren NCNC a Ikko a 1948, ya ga ƙawancen Kudu da Arewa daga ciki, ya kuma ɗanɗani ɗacinsa. Allah bai nufa ba, ya rasu a 1958. Mu'azu Haɗeja ma a shekarar ya rasu. Zaɓen ya zo babu su.

Saura zube. A nan ne muka fi jin takaici, don ƙagaggen labari yana da abin da waƙa ba ta da shi: yana iya shiga zuciyar mutum biyu masu saɓani ya ba kowa gaskiyarsa. Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1983, yana cikin littattafan da suka tunkari siyasar jam'iyyu gaba da gaba, kuma ya cancanci yabo a kan ƙarfin halinsa. Amma idan aka duba ƙashin bayansa, tsarin waƙar jam'iyya ne aka zuba a zube: ga ɓangaren talakawa, ga ɓangaren masu danniya, a gwabza, gaskiya ta yi halinta. Mai karatu ya san inda zai tsaya tun shafukan farko, ba a kuma taɓa girgiza shi daga wurin ba. Ko A Man of the People na Chinua Achebe, da ya fito a Janairun 1966, ruɓewar 'yan siyasa ya fi kallo, bai zauna teburin ciniki ba. Galibin labaran siyasa da ke zuwa hannunmu daga matasa ma haka suke, ɗan siyasa ko waliyyi ne ko ɓarawo, kuma labarin yana ƙarewa daren da aka faɗi sakamako. Mu kuwa a ganinmu washegari ne labarin yake farawa.

Abin mamaki shi ne gwanintar da ake bukata tana nan a hannun marubutanmu, sai dai a wani fage suke kashe ta. Littattafan da aka yi ta yi wa tsiya a muhawarar adabin kasuwar Kano ta shekarun 1990 sun ƙware a kan abu ɗaya: zaman mutanen da ba sa son juna amma tilas su ci daga tukunya ɗaya. Dubi yadda Balaraba Ramat Yakubu take sarrafa gidan kishiyoyi a Alhaki Kwikwiyo Ne. Rabon kwana, rabon cefane, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin abinci, wa aka yi wa ɗinki wa aka hana, murmushi a gaban baƙi da harara a madafi, ƙawancen uwargida da ta uku a kan ta biyu. Wanda ya iya rubuta wannan ya iya rubuta majalisar ministocin 1960, inda ma'aikatar kuɗi take hannun wata jam'iyya, ta tsaro take hannun wata, kowa yana ƙirga abin da aka kai jiharsa. Marubutan soyayya sun san auren dole fiye da kowa. Ba su dai ɗaga kai sun ga cewa ƙasar ma an yi mata irinsa ba.

Mai karatu zai ce, to ai mu ba mu san Ikko ta wancan zamani ba, ba mu san abin da aka faɗa a ɗakunan shawara ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ba kowa shawarar ya sa wa Sardauna ko Azikiwe maganar da ba su yi ba. Amsar ita ce a sauko da labarin gida. A ɗauki gari kamar Auyo, a ƙasar Haɗeja, lokacin tana cikin Lardin Kano. A ƙaga tela ko mai sayen gyaɗa wanda ya karɓi katin NEPU, aka taɓa ɗaure shi wata uku a kan ya yi taro ba izini, surukinsa bulama ne, ƙanensa malamin haraji. Wata ranar kasuwa a farkon 1960 wani ya sauko daga jirgin Nguru a Malam Madori da Gaskiya Ta Fi Kwabo a aljihu, aka karanta a rumfa cewa zakara da fartanya sun shiga gwamnati ɗaya, Malam ma an ba shi muƙami. Me telan zai ce wa yaran da ya jawo cikin tafiyar? Me bulama zai ce masa in sun haɗu a masallaci? Ɗan dokan da ya kama shi bara, gaishe shi zai yi ko sake kama shi? Idan ya ce Malam ya yi daidai, don ta haka ne kawai muryar talaka za ta isa Ikko, yana da hujja. Idan ya ce an sayar da su, yana da hujja. Marubucin kirki zai bar hujjojin biyu su ci juna a cikin mutum ɗaya, ba zai aiko da wani dattijo a babi na ƙarshe ya raba gardama ba.

Mun zaɓi Auyo da gangan. Mutumin fadamar Haɗeja ba baƙo ba ne ga zaman haɗaka. Fili ɗaya ne masunci yake shiga da gora da koma idan ruwa ya cika, manomi ya shuka shinkafa a gefensa, ya bi sawun ruwa da wake ko kayan lambu idan ya janye, sannan Bafillace ya sauko da shanu su ci kara da ciyawar rani. Babu wanda yake ƙaunar wani can, amma kowa ya san ranar shigarsa da ranar fitarsa, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya idan shanu suka riga girbi sauka. Akwai sarkin ruwa, akwai bulama, akwai arɗo, akwai kalmomin sulhu da na cin iyaka da harshen wurin ya tanada. Wannan taska ce ta kwatance da karin magana wadda marubuci ɗan birni ba shi da ita. Sannan garin da kansa ya san yadda shawarar da aka yanke a nesa take sauka a kan mutane. Tsohuwar masarauta ce da ta koma ƙarƙashin Haɗeja bayan jihadi. Tana cikin masarautun da Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga a 1981, a tsakiyar rikicin Santsi da Taɓo, wanda shi ma tushensa gardama ce a kan da wa PRP za ta yi ƙawance. Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 ya soke. Sarauta ta zo da siyasa, ta tafi da siyasa, cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Sai dai a yi hattara da zamani. Wanda zai rubuta Auyo ta 1960 kada ya sa madatsar Tiga a ciki, ba a gama ta ba sai 1974, ta Challawa kuwa sai 1992. Ambaliyar lokacin tana zuwa ne da damina ta tafi da kaka, kachalla ba ta toshe hanyoyin ruwa yadda ta yi daga baya ba. Kuɗi fam ne da sule da kwabo. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa dattijo ya ajiye littafi ya ce yaron nan bai san abin da yake faɗa ba.

Babban tarko kuma shi ne sanin ƙarshe. Mu mun san haɗakar ta fashe a kan ƙidayar 1962 da ta 1963. Mun san a 1964 NPC ta koma ta haɗe da jam'iyyar Akintola suka zama NNA, NCNC da Action Group da NEPU da UMBC suka zama UPGA, aka yi zaɓen 30 ga Disamba cikin ƙauracewa, Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Mun san daren 15 ga Janairu 1966. Mutanen Disamba 1959 ba su san ko ɗaya ba. A wurinsu haɗakar nan ita ce ta hana ƙasa rabewa wata tara da 'yan kwanaki kafin 'yanci, kuma ta yi shekara biyar tana tafiya, an kafa Jihar Yamma ta Tsakiya a ƙarƙashinta, an zama jamhuriya a 1963. Marubucin da ya sa taurarinsa suna magana kamar sun karanta jaridar 1966 ya cuce su, ya kuma cuci mai karatu, don ya cire masa zullumin da shi ne ran labarin.

Wanda yake ganin 1959 ta yi nisa, ga maƙwabta. A Nijar, bayan taron ƙasa na 1991, an yi zaɓen majalisa a Fabrairun 1993. MNSD-Nassara ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, amma jam'iyyun da suka haɗu a ƙawancen AFC suka tara 50. Suka raba manyan kujeru uku: Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, ya zama shugaban ƙasa bayan ya ka da Tandja Mamadou a zagaye na biyu, Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya ya zama firayim minista, Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP-Zaman Lahiya ya riƙe majalisa. Abin da ya haɗa su ƙin MNSD ne, kuma ƙiyayya ba ta daɗe tana riƙe gwamnati. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye aiki a kan rage masa iko, Tarayya ta fice ta koma wajen Nassara. Aka sake zaɓe a Janairun 1995, Hama Amadou na MNSD ya zama firayim minista a ƙarƙashin shugaban da ba ya ga maciji da shi, har ta kai shugaban yana ƙin kiran taron ministoci. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kawar da su duka. Bayan shekara uku da 'yan watanni kuma, a 1999, Ousmane ɗin nan ya mara wa Tandja baya, ya zama shugaban majalisa a ƙarƙashinsa. Ko sunayen jam'iyyun kaɗai, Rahama da Tarayya da Zaman Lahiya da Nassara, sun ishi mai wasan kwaikwayo habaici na fitowa uku. Da yawa daga waɗanda suka yi tallan waɗannan jam'iyyu a Maraɗi da Damagaram da Tawa suna raye, da Hausa suka yi yaƙin, da Hausa za su ba da labari.

Na 1959 kuwa shaidunsa sun kusa ƙarewa. Wanda ya jefa ƙuri'a a ranar yana da shekara 21, yau ya haura tamanin da biyar. Takardu suna nan a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, amma takarda ba za ta faɗa maka abin da aka ce a rumfar tela ba. Kuma idan za a je neman tsofaffi, kada a tsaya a zaure. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, duk da irin ɗaurin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a kan neman wannan haƙƙi. Sai a shekarun 1970 aka ba su. Matar telan nan ita ta kai masa tuwo gidan yari, ita ta sayar da akuyarta aka biya tara, ita ce 'yar bulama, kuma ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta ranar zaɓe balle ranar rabon kujeru. Da mu ne za mu zaɓi bakin da zai ba da wannan labari, nata za mu ɗauka.